Ɗan Kwat da Ya Shiga Wayar Sahabi Dillali

Duk wanda ya taɓa shiga karar Illela, wato kasuwar dabbobi, ranar Lahadi ya ga Sahabi, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, marar jiki, yana tsayawa a layin tumaki ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, da malfa a ka da guntuwar igiya a kafaɗa. A fuskarsa akwai tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Shekarunsa hamsin da huɗu, talatin da tara daga ciki a wannan kara ya yi su.

A Gidan Katta aka haife shi. Mahaifinsa manomi ne da damina, dillalin dabbobi da rani, shi ya koya masa buɗe bakin rago a duba haƙori, da danna gadon baya a ji ko nama ne ko kuwa ruwa da gishiri aka ɗura wa dabbar don ta cika ido. Ya yi karatun allo daidai gwargwado. Boko kuwa bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, inda ya iya rubuta sunansa da karanta lamba. Abin da ya fi yawa a jikinsa tambaya ce. Ba a gaya masa abu ya ce to, sai ya ji dalili. Shi ya sa taubashinsa Bashar, mai shagon kayan babur a bakin hanyar Ƙonni, ya laƙa masa Malam Don-mi, sunan kuma ya bi shi.

Aikin dillali a kara tsayawa ce a tsakani. Makiyayi zai koro dabbobinsa daga dajin Nijar, ya sauka a zauren dillalinsa, ya ci tuwon gidansa, ya miƙa masa igiya. Mai saye kuma zai zo daga Sakkwato ko Legas, bai san mai dabbar ba, bai san ko ta sata ce ba. Dillali ne shaidar kowa. In rago ya fito da ciwo bayan kwana biyu, shi za a nema. Sahabi yana da baƙi irin waɗannan sun fi talatin, Buzaye da Fulani. Babbansu Abdulmalik ne, wani Buzu mai kiwon balami a arewacin Tawa, wanda ya gaji hulɗar daga mahaifinsa kamar yadda Sahabi ya gaje ta daga nasa.

Babbar waya ta shigo hannun Sahabi ne lokacin da aka rufe boda. Baƙinsa na nesa suka daina zuwa, sai harka ta koma WhatsApp. Babu mai rubutu a cikinsu. A danna, a yi magana, a saki. Makiyayi zai ɗauki bidiyon rago yana tafiya, Sahabi ya kalla ya ce a buɗe masa baki ya ga haƙora. Da aka buɗe bodar ma ba a bar wannan hanya ba, don ta rage wa kowa wahala. Ranar da ya sayi wayar a kasuwa, mai sayarwar ya ce ana sa hoto a kan lamba. Sahabi ya ce a ɗauki ragon da yake riƙe da shi. Farin balami ne mai baƙin zobe a ido ɗaya, kamar an rambaɗa masa tozali. A hoton ana ganin kan ragon da hannun Sahabi a wuyansa, shi ke nan. Ragon ya daɗe da shiga tukunya, wayar farko ma ta faɗa kwamin ruwa an sake wata, amma hoton yana nan a kan lambarsa. Bai taɓa sake tunawa da shi ba.

Saura sati biyar babbar salla, wata Hajiya Tayyiba ta kira shi daga Sakkwato. Ita ce sakatariyar ƙungiyar ma'aikatan wani ofis, waɗanda suke haɗa kai duk shekara su sayi ragunan layya tare. Bana arba'in suke so, balami zalla. Sahabi ya tura wa Abdulmalik saƙon murya ya jira Juma'a, don Abdulmalik ba ya samun sabis sai ranar da ya shigo wani ƙauye salla, awa biyu ko uku, sannan ya koma daji. Amsa ta zo cewa akwai, har da ƙari. Da jin haka Sahabi ya yi wa Hajiya alkawari.

"Abu guda ya rage, Malam Sahabi," in ji Hajiya a waya. "Na nuna ma 'yan kwamiti lambarka, sunka ce su rago sunka gani. Wani har ya ce shin da ragon za mu yi ciniki?"

"Hajiya, ai ragon ya hi ni kyan gani."

"Ko ya fi ka, kai muke son gani. Ka sa hotonka mai kyau, irin na masu sana'a. Mutane na tsoron damfara yanzu."

"To don mi hoto zai hana damfara? Ɗan damfara ba shi da huska?"

Ta yi dariya ta ce ya dai sa.

Mai hoton da Sahabi ya sani a bakin tasha ya daɗe da rufe shago, don haka washegari da la'asar ya nufi wurin Bashar. Ya same shi zaune a kan benci tsakanin tayoyi da tiyoyi a rataye.

"Malam Don-mi, yau wace tambaya anka zo da ita?"

Sahabi ya gaya masa. Bashar ya ce wannan ai ba aiki ba ne, yanzu ba a buƙatar mai hoto ko wanda ya iya zane, waya ce ke yin komai. Ya sa shi ya cire malfa ya tsaya a gaban tayoyi, ya ɗauke shi sau ɗaya, ya jefa hoton cikin wata manhaja da ya ce ita ya yi amfani da ita a nasa. Wata 'yar ƙawanya ta yi ta juyawa a fuskar wayar. Kafin mai shayin gefe ya gama zuba kofi biyu, hoto ya fito.

Wani mutum ne fari tas, ɗan shekara talatin da 'yan kai, cikin baƙin kwat da laktaye. A bayansa akwai kanta cike da littattafai, da tagar gilas wadda ake hango dogayen benaye ta cikinta. Gemun ya yi baƙi wuluk. Kuncin sumul kamar ƙwai.

Sahabi ya karɓi wayar ya kusanto da ita, ya nisanta ta.

"Wanga wa na?"

"Kai na."

"Ina tsagata?"

"Ta goge. Ta ɗauka tabo na."

"Don mi?"

"Ga ta nan hannunka, tambaye ta."

"Littattahan ga kuma na wa na?"

"Naka mana. Bagobiri, an ba ka ilimi kyauta kana tambaya. Ka gode kawai."

Gaskiyar magana ita ce hoton ya burge Sahabi. Ba kyan ne ya ja shi ba. Idanun nasa ne, hancin ma nasa ne, sai ya ga kamar yana kallon mutumin da zai zama da a ce mahaifinsa ya kai shi makarantar kwana a Sakkwato maimakon kara. Ya yi ta kallo yana mamakin inda injin ya samo kwat daidai kafaɗarsa. Ya ce a sa. Bashar ya danna, rago mai tozali ya tafi, ɗan kwat ya hau.

Hajiya Tayyiba ta turo saƙo ta ce ma sha Allah, sannan ta ƙara da cewa, "Ashe yaro ne kai? Muryarka ta manya." Sahabi ya saurari saƙon sau biyu.

A satin nan ya tura wa Abdulmalik saƙo uku, yana tambayar ranar da ragunan za su taso da kuma bidiyon da Hajiya take so ta nuna wa mutanenta. Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci ya ga alama biyu ta bayyana a gefen saƙonnin, wato sun isa wayar Abdulmalik. Amma 'yar alamar nan da take komawa shuɗiya in an saurari murya ba ta koma ba. Ya kira ta layi. Wayar ta yi ƙara har ta katse. Ya sake kira, haka. Da la'asar ta yi sai aka ce a kashe take.

Ya ce wa kansa wataƙila wani uzuri ne. Amma da ya duba sauran baƙinsa sai ya ga ba Abdulmalik kaɗai ba ne. Ya zauna a zaure ya shata layi biyu a ƙasa da tsinke, yana ajiye tsakuwa ɗaya ga kowane mutum. Na kusa, waɗanda suke korowa da ƙafa duk Lahadi su same shi a gindin dogon yaro, suna nan yadda suke. 'Yan kasuwar da suka iya karatu su ma suna amsawa. Na nesa kuwa, mutum goma sha ɗaya, duk sun yi tsit a sati guda, kamar an haɗa baki. Ya laluba ko ya ɓata wa wani rai, bai samu ba. Ya tambayi direbobin Tawa ko wani abu ya faru a can, suka ce lafiya lau, har an fara ruwa.

Juma'a ta biyu ta wuce kamar ta farko. Saƙonnin suka zama tara, duk sun isa, babu wanda aka buɗe. Hajiya ta kira sau biyu tana tambayar bidiyo. Sahabi ya ce in sha Allahu, ya kashe waya. Balami arba'in masu kyau ba a tsintar su a kara cikin sati biyu ana gab da salla. Kuma shi tunda ya fara dillanci bai taɓa cewa akwai ba a zo a tarar babu. Alkawari kaya ne, wannan kuwa ya fara danne masa wuya.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, ya hau babur ya tsallaka boda. Bai san takamaimai abin da yake nema ba, ya dai san mutanen arewa suna saukowa nan sayen dusa da kanwa. Ya zaga karar sau biyu. A wata rumfar mai shayi ya hango Abu, wani Bafillace da yake shayar da dabbobinsa a rijiya ɗaya da Abdulmalik, wanda shi ma yana cikin goma sha ɗayan nan.

Abu ya miƙe ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Bayan gaisuwa ya sassauta murya.

"Malam Sahabi, sannu da asara. Allah ya mai da alheri."

"Asarar mi?"

"Wayarka da anka sace."

Sahabi ya zura hannu a aljihu ya zaro wayar ya ajiye a kan tebur. Abu ya kalli wayar, ya kalle shi.

"To ɗan kwat ɗin nan hwa? Wane ne shi?"

Sahabi ya ce Abu ya nuna masa yadda yake neman mutum in zai tura saƙo. Abu ya fiddo tasa wayar daga cikin wata 'yar jakar fata, ya buɗe, ya fara ja da babban yatsa a hankali. Ko kallon rubutun ba ya yi, ƙananan hotunan da ke gefe yake bi.

"Wanga mai raƙumi, Abdulmalik na. Wanga mai jan rawani, yayana. Wagga ƙwarya, uwar gida. Wanga masallaci, limaminmu. To nan," ya tsayar da yatsa, "nan rago mai tozali ke zaune tun da anka ruhe boda. Ran nan mun samu rezo, sabis ke nan, na duba, rago ya tashi, wanga ya zauna wurinshi."

A cikin 'yar da'irar da ba ta fi ƙwandala ba, ɗan kwat yana murmushi.

Abu ya ba shi sauran labarin. Bara an ƙwace lambar wani mutuminsu, masu ƙwacen suka yi ta tura wa jama'a saƙo da sunansa, mutane da yawa suka cutu. Tun daga nan dattawan rijiyarsu suka yanke magana cewa in fuska ta sake a waya, kada a buɗe, kada a amsa kira. Abdulmalik ne ya fara ganin ɗan kwat, ya nuna wa kowa a bakin rijiya, aka yi ta jajanta wa Sahabi daga nesa. Da kira ya shigo ta layi kuma, ya gane lambobi ukun ƙarshe, ya bar ta tana ƙara.

"Amma ai muryata ce cikin saƙon."

"Wa ya buɗe balle ya ji?"

"Sunana hwa? Ga shi nan rubuce."

Abu ya dube shi da tausayi. "Malam Sahabi, wa ka karantawa cikinmu?"

Shekara da shekaru Sahabi yana magana da mutanen nan a waya, bai taɓa tambayar kansa yadda suke gano shi ba, shi da ake kira Don-mi. Can ya ce, "Abu, ɗan kwat ɗin nan ni na."

Abu ya buɗe hoton ya girma. Ya ɗaga wayar ya jera ta da fuskar Sahabi, ya duba wannan, ya duba wancan, a tsanake, yadda ake duba dabba kafin a taya.

"In kai na," in ji shi, "to an ɗura maka ruwa."

Mai shayi ya tuntsure da dariya. Sahabi ma ya yi, amma tasa ba ta yi nisa ba, don Abu ya ƙara da cewa wani dillalin Ƙonni ya daɗe yana bibiyar ragunan nan, kuma Abdulmalik ya ce masa ya jira Juma'ar nan zai ba shi amsa. Jibi ke nan. Suka yi wa Abdulmalik saƙon murya tare a wayar Abu, Sahabi ya yi sallama ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Duk da haka Abu ya girgiza kai.

"Zai ji. Amma ka san mutumin naka. Cewa zai yi, in gaskiya na, don mi ɗan kwat bai tashi ba?"

Da ya dawo Illela ya zarce shagon Bashar ya ce a mai da masa ragonsa. Bashar ya laluba wayar ciki da waje, babu. Hoton ya tafi tare da wayar da ta faɗa kwami, wanda ke kan lambar kuma an goge shi.

"Abu mai sauƙi," in ji Bashar. "Kamo wani hwarin rago mu zana mishi gawayi ga ido."

"Ni in shafa ma rago baƙi? Shekara talatin da tara ban yi ba, sai don hoto?"

"To saka kwat ka tahi Tawa su gan ka."

Sahabi bai kula shi ba. Ko da an samu ragon ma, Hajiya fuska ta ce tana so. Hoto ɗaya yake buƙata wanda 'yan ofis za su gani su natsu, makiyayi kuma ya gani ya ce wannan Sahabi ne. Yana tafe yana juya maganar sai ya tuna da Latifa.

Latifa ce babbar 'yarsa, tana aure a cikin gari da 'ya'ya uku, tana sayar da atamfa da leshi ta waya daga ɗakinta. Ba ta taɓa koyon ɗaukar hoto a wurin kowa ba. Abin da ya koya mata shi ne masu saye da suke dawo da kaya suna cewa ba wannan launin suka gani ba. Ta yi ta gwadawa, a rana, a ɗaki, a tsakar gida, har ta gano inda zani yake fitowa yadda yake. Da ta ga ɗan kwat ta rufe baki da gyale kafaɗunta suna rawa.

"Baba, da na san muna da manajan banki a gida da ban wahala ba."

"Ke dai gaya mini in kina iyawa."

"Gobe da hantsi, kahin rana ta ɗaga. Ka sa rigar da kake zuwa kara da ita, a wanke ta dai."

Ya so ya sa babbar rigar salla. Ta ce a'a, Abdulmalik bai taɓa ganin sa da ita ba.

Da hantsin Alhamis ta iso gidan. Abu na farko da ta yi shi ne goge idon kyamarar da bakin gyalenta, ta nuna masa maiƙon da ya fito. Ta zaga ta zaɓi bangon zaure ta ciki, jar ƙasa ce lafiyayya, kusa da ƙofa inda haske yake shigowa ta gefe. Ta kwashe buta da tabarma da igiyoyin da ke rataye a ƙusa. Bashar ya rufe shago ya zo kallo, ya jingina da ƙofa.

Sahabi ya ƙame a jikin bango da sanda a hannu, ya haɗe fuska kamar za a yi masa katin zaɓe.

"Don mi ba mu hita rana ba? Ai ta hi haske."

"Rana na sa ka runtse ido, ta sa inuwa ƙarƙashin malfa. Inuwa mai haske anka so. Tura malfar baya kaɗan, goshinka ya hito."

"Don mi kike matsowa? Ƙahwahuna ba su shiga."

Ta haɗa babban yatsa da manuni ta yi 'yar da'ira. "Baba, ga girman hoton can wurinsu. In na sa ƙahwahu, huskar za ta koma ƙwayar gero. Daga ƙirji zuwa malfa, shi ke nan."

Wannan ya shige shi, don ya ga da'irar da idonsa a wayar Abu. Amma ya kafe a kan abu ɗaya, sai an sa rago. Latifa ta ce da'irar ba ta ɗaukar kai biyu. Ya ce dillalin tumaki ba tumaki ai ɗan kwat ne ya sake riga. Aka shiga garke aka kamo wani uda da wani baƙo ya bari a hannunsa, aka kawo kujera 'yar tsugune Sahabi ya zauna don kansa ya zo daidai da na ragon. Latifa ta durƙusa ta daidaita wayar da tsayin idonsa, ta manna gwiwar hannu a jikinta don kada ta yi rawa.

Ragon bai ba da haɗin kai ba. Ya juya baya, aka juyo shi. Ya yi fitsari, aka share. Fuskar Sahabi kuwa ta ƙi sakuwa, duk da tsokanar da Bashar yake yi daga ƙofa. An ɗauki wajen ashirin babu na kirki. Can ragon ya miƙa wuya ya kama gefen malfar da ya fara sincewa ya hau tauna. Sahabi ya fizge, ya ce, "Kai, bari, ba dusa ba ta," ya juyo wurin Latifa yana dariya. A nan ta danna.

Suka taru a kan wayar. Fuskarsa ta cika hoton, tsaga goma sha uku a fili, furfurar gemu ɗaya ɗaya, hasken ƙofa ya kwanta a kunci guda. A kafaɗarsa ana ganin ƙahon ragon da ido ɗaya. Bayansa jan bango ne kawai. Latifa ta yanke gefe da gefe, ta ƙara haske ƙyas, ta tsaya.

"Kawo in sa ta cikin manhaja ta ɗan goge shi," in ji Bashar yana miƙa hannu.

"Baba Bashar, taɓa wayar ga in kai ƙararka wurin innarmu."

Sahabi bai yarda a sa ba sai da ya gwada. Ya ɗauki wayar ya tafi kara, inda ko ba ranar kasuwa ba ba a rasa makiyaya a gindin bishiya. Ya ƙanƙanta hoton, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya nuna wa mutum uku ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko sun san wannan. Biyu suka ce, "Kai na mana." Na ukun ya ce ya san shi, kuma ya san ragon. Sannan ya koma ya ce Latifa ta sa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna a bencin Bashar da wayar a kan gwiwa. Wajen ƙarfe uku alamar saƙon farko ta koma shuɗiya. Sai ta biyu. Sai ta uku. Ya bi su da ido har tara, a jere, Abdulmalik yana can yana sauraron kwana goma sha huɗu na damuwarsa. Daga nan shiru, har mai shayi ya zo ya kwashe kofuna. Sannan saƙo ya shigo, minti ɗaya da rabi. Bashar ya rage rediyo.

Muryar Abdulmalik ta fito a hankali, da kukan raƙumi a bayanta. Ya yi sallama, ya gaida gida da yara da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Sahabi, na ga ka dawo. Na ƙirga tsagar, sha ukku, sun cika. Ka tsuhwa, amma kai na. Raguna na nan, ban ba kowa ba. Lahadi muna lodi, Litinin muna ƙoharka in Allah ya so. Wancan ɗan kwat kuma, in kun haɗu ka ce mishi ya bar shiga gidan mutane ba sallama." Ya ɗan tsaya. "Uda na gani ga kafaɗarka. Ba nawa ba na. Wa ya kawo maka shi?"

Kafin magariba shida daga cikin sauran goman sun yi magana. Hajiya Tayyiba ma ta kira. Ta ce 'yan kwamiti sun ga sabon hoton, wanda ya yi maganar ciniki da rago ya ce wannan ya fi kama da mutumin da ya san abin da yake sayarwa. Ta tambayi ko wancan ɗansa ne. Sahabi ya ce a'a, baƙo ne, ya riga ya tafi.

Ragunan sun iso Litinin da azahar, arba'in da uku. Sahabi ya buɗe bakin kowanne, ya danna bayan kowanne, ya ware biyu da bai gamsu da su ba, ranar Laraba aka loda arba'in zuwa Sakkwato. Bashar kuwa ya kai hoton ɗan kwat an wanke masa a takarda, ya manna a shago sama da tayoyi. In mai saye ya tambaya, sai ya ce taubashinsa ne da ke aiki a Abuja. Sahabi har yau in ya zo shagon yakan tsaya ya kalle shi, ya tambayi dalilin da ya sa injin ya ɗauki tsaga a matsayin tabo. Babu wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi.

Kafin Abdulmalik ya koma, Latifa ta leƙo zaure ta gaishe shi. Sahabi ya nuna masa bangon da aka yi hoton, ya bayyana masa zancen inuwa da haske da da'ira kamar shi ya gano su, ya ce in yana so a yi masa irinsa yanzu, ga hantsi bai wuce ba. Abdulmalik ya gyara rawani ya kurɓi shayi.

"Na gode, ɗiyata," ya ce wa Latifa. "Amma raƙumin nan ya zauna inda yake."